Ko Ƙuri'a Biyu Ce, a Ba Ni Abata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Thamesmead, Alhaji Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina taya ka murnar lashe zaɓen da aka yi a ɗakin taro na ƙaramar hukuma da dukkan ƙuri'un da aka kaɗa. Ko a gida, inda aka ƙware a wannan fanni, akan rage wa abokin takara 'yan kaɗan saboda kunya.

Ni ne Sani Lawal, wanda ya tsaya takara da kai ya tashi babu ko ɗaya. Ga kukana.

Na ɗaya. Kai ka kawo shawarar a bar takarda a koma ƙaramar kwamfutar nan mai girman gwangwanin kifi, da allon da ake taɓawa da yatsa. Ka ce mun zo Turai, dole mu yi zaɓe irin na Turai. Muka yi tafi. Har da ni, Allah ya sani.

Na biyu. Malam Nasiru, injiniyan da ya haɗa na'urar, ya saita allon a kwance, ya taɓa ɗigo huɗun da ke kusurwoyin allon don daidaita wurin taɓawa, komai ya zauna daidai. Sai ka zo ka ga hotonka a kwancen ya yanke maka hula. Ka ce a tayar da allon tsaye domin hular ta fito gaba ɗayanta. Ban ga laifinka ba, hular mai kyau ce.

Na uku, kuma nan gizo ke saƙa. Juya hoton allo saiti ɗaya ne, juya wurin taɓawa saiti ne daban. Malam Nasiru ya juya hoton, kai kuma kana tsaye a kansa kana cewa tuwo zai huce, bai samu ya juya na biyun ba. Ido yana ganin allo a tsaye, ita kwamfuta tana can tana lissafi a kwance. Hotunan 'yan takara duk a gefen hagu suke, gefen hagun nan kuwa shi na'ura ta ɗauka a matsayin sama. Wa ke sama? Kai, ranka ya daɗe. Gani ya kori ji: na koma Asabar ɗin da ta biyo baya, na danna fuskata, na ga kibiya ta yi tsalle ta sauka a kan hularka. Na sake dannawa da ƙarfi, ta sake komawa can.

Na huɗu shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Faɗuwa zaɓe ba ta dame ni ba, ni ma na san ba zan ci ba. Amma a gaban jama'a aka karanta sakamakon da ya nuna cewa ko matata, Hajiya Rabi, ba ta zaɓe ni ba. Matar da ta hau bas daga wurin aiki a Catford cikin ruwan sama, da kayan asibiti a jikinta, don kawai ta danna hotona. Yanzu in ta shiga cikin mata sai a yi shiru, wata ta yi tari. Ta daina zuwa karatun Lahadi. Jiya ɗanmu ya tambaye ta da Turanci ko gaskiya ne ta fi son Alhaji Garba. Wallahi raina ya ɓaci, har yanzu kuma bai huce ba.

Don haka ina roƙo. A bar Malam Nasiru ya juya wurin taɓawa ya dace da hoton, ya sake taɓa ɗigon nan huɗu ba tare da kowa na tsaye a kansa ba. A gwada kowane suna a gaban mutane kafin a fara. In hula ta ƙi shiga, a yi haƙuri a kwantar da allon. Sannan a sake zaɓen.

Kujerar taka ce, ba na jayayya, za ka sake ci da rinjaye. Ni dai so nake a tashi a ɗakin nan, a gaban matan nan, a karanta cewa Sani Lawal ya samu ƙuri'a biyu, kowa ya san ta biyun ta wace ce.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da nisan kwana, ya kuma haɗa shi da allon da ya san hagu ya san sama.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sani Lawal, Thamesmead