Tabon Goshin Celina

Mahuta, Kaduna
2 ga Yuni, 1999

Zuwa ga Yayata Diana,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangiji. Ina gajiya, ina aikin gona? Yaya ƙafar taki, yaya mutanen Zonkwa? Ina fata kowa na lafiya.

Albishirinki! 'Yarki Celina ta sauka lafiya, an sami mace, ranar Asabar ɗin nan da soja suka miƙa mulki. Mijinta Benson na maƙale da rediyo, mu muna can muna fama a asibiti. Na rufe ɗakina na Kakuri na tare gidansu don wankan jego.

Sai dai wani abu ya ɗaure mini kai. Tun kafin haihuwar haƙarƙarina na dama ke zugi kamar an goga barkono. Jiya sai ga ƙuraje masu ruwa sun jeru daga ƙasan nono har gadon baya, gefe ɗaya tak. Na ce ruwan jego ne ya fallatso mini lokacin da nake fyaɗa wa Celina da ganyen darbejiya. To amma wane irin ruwa ne zai bi ta cikin zani da riga ya ƙona mutum a layi? Maƙwabciyarsu Mama Ifeoma ta leƙa ta ɗora hannu a ka, wai jifa ne, kuma ranar da layin ya zagayo ya haɗu, sai wani ba ni ba. Na yi mata dariya, amma Yaya, yau sau uku ina dubawa a madubi.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Scholastica

Kakuri, Kaduna
4 ga Yuni, 1999

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ki lura daga inda nake rubutu. An kore ni daga gidan jego, ni kakar jaririya!

Benson ne ya matsa muka je wurin likita. Kallo ɗaya ya yi ya ce shingils ne sunansa da Turanci, ba jifa ba, ba ƙuna ba, kuma ba ya zagayowa ya haɗu. Na tambaye shi wa ya shafa mini, ya ce babu kowa. Wai ƙarambau ɗin da na yi ina yarinya ne bai tafi ba, ƙwayar cutar ta shige jijiya ta kwanta, sai da girma da gajiya suka raunana jikina ta farka. Yaya, shekara arba'in da ɗoriya! Ciwo ya yi haya a jikin mutum tun kafin mu san takalmi? Har yanzu ban gane ba.

Bai tsaya nan ba. Wai ba zan iya shafa wa kowa irin wannan ba, amma ruwan ƙurajen zai iya sa wa wanda bai taɓa yin ƙarambau ba ƙarambau. Ciwo ɗaya ne ko biyu? Na tambaya har sau uku, ya ce ɗaya ne mai fuska biyu. Ga jariri kuwa abin na da haɗari ƙwarai. Ga shi kwana biyar ina sosa wurin nan kuma ina ɗora yarinyar a cinyata ina yi mata wanka.

Ya ce idan uwar ta taɓa yin ƙarambau, ta ba 'yarta ɗan kariya tun a ciki, hankali zai ɗan kwanta. Idan ba ta taɓa yi ba, uwa da 'ya duk suna cikin haɗari. Sai ya juyo ya tambaye ni ko Celina ta yi, tunda ni na haife ta. Ni kuwa ban sani ba. Ita Celina ta ce ba ta tunawa. Benson ya sunkuyar da kai, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ke ce kika riƙe ta daga shekara uku zuwa tara, lokacin da nake aikin masaƙa ina zuwa gida Kirsimeti kawai. Don Allah, ta yi ko ba ta yi ba? Ki ba Monday direba amsa gobe-goben nan, kada ki jira Lahadi.

Taki cikin damuwa,
Scholastica

Kakuri, Kaduna
21 ga Yuni, 1999

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma neman gafara don na yi shiru. Takardarki ta iso tun tuni, na kasa ɗaukar biro ne.

Da Benson ya kai wa likita amsarki cewa ta yi, ya ce madalla, amma a sa ido a kan yarinyar mako uku. Ko ƙurji ɗaya ba ta yi ba har yau, tana shan nono kamar an aiko ta. Nawa sun bushe sun yi ɓawo, sai zugin da ya rage. An ce gobe in koma gidan jego. Mama Ifeoma ce ta riƙa yin wankan, ta kuma ce addu'arta ce ta hana layin haɗuwa, na bar ta da bakinta.

Amma layin ƙarshe na takardarki ya hana ni sukuni. Kin ce kwana tara kika yi kina ɗaure wa Celina hannu da tsumma don kada ta sosa, duk da haka ta ɓare guda ɗaya, shi ne tabon da ke goshinta. Yaya, shekara ashirin duk wanda ya tambaye ni tabon nan, sai in ce daga kan gado ta faɗo. Ban san inda na samo labarin ba. Har a coci na faɗa, har ga dangin Benson. Ina ganin kunya ce ta hana ni cewa ban sani ba, na yi ta faɗa har ni ma na yarda. Ke kuma kina ji ba ki taɓa ƙaryata ni ba.

Jiya Celina ta aiko a tambaye ni sunan da nake so a sa wa yarinyar ranar baftisma, tana zaton zan ce nawa. Na ce Diana. Ki shirya ki zo, ke za ki riƙe ta a gaban fada a coci, ni in tsaya a bayanki.

Ƙanwarki,
Scholastica