Hoton Bayan Mijina Ya Maƙale a Katsina

Zuwa ga shugabannin asibitoci biyu da suka duba mijina, ɗaya a Katsina, ɗaya a Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya tare da iyalanku. Sunana Rabi, matar Malam Lawal, muna zaune a cikin garin Daura. Ban ambaci sunayen asibitocinku ba, don ba tozarci ya kawo ni ba. Na rubuto a bainar jama'a ne saboda na gaji da yawo tsakanin ofisoshinku.

Mijina awaki yake saye a kasuwannin ƙauye yana kawowa Daura. Da damina, yana dawowa daga Mashi, babur ya zame da shi a taɓo, ya bugu a baya. A nan gida aka yi masa hoton ƙashi, aka ce bai wadatar ba, aka tura mu Katsina inda ake da babbar na'urar da ake shigar da mutum ciki. An ɗauki hoton, aka ba mu a faifai tare da takardar bayani, aka ce mu wuce Kano wurin likitan ƙashin baya.

Na ɗaya: faifan bai buɗe ba. Likitan Kano ya gwada a kwamfutarsa, ya gwada a ta abokin aikinsa, shiru. Ya ce ba zai sa wuƙa kusa da lakar mutum ba sai ya ga hoton da idonsa, kuma ban ga laifinsa ba. Na ce to a sake ɗauka a nan. Aka ce tasu na'urar ta lalace, kuma ko an gyara, sai an gwada sabon hoto da na farko kafin a san ko ƙashin ya gusa.

Na biyu: na koma Katsina ni kaɗai. Ma'aikacin ɗakin hoto ya buɗe mini shi a kwamfuta. Wallahi na gan shi, ga sunan mijina a sama. Ya sake zuba mini a wani faifan, shi ma bai buɗe a Kano ba. Na roƙi a aika ta intanet, kamar yadda kowa ke aika hoton biki. Aka ce na'urarsu ba ta haɗe da ta kowane asibiti, kuma ba a fitar da hoton majinyaci ta wata hanya sai da wasiƙa daga Kano. A Kano aka ce ba a rubuta irin wannan wasiƙar, majinyaci ne ke neman abinsa. Da na mayar da wannan amsa Katsina, sai aka ce to majinyacin ya zo da kansa ya sa hannu.

Na uku, kuma shi ne ya fi ƙona mini rai: likitan Kano da bakinsa ya hana a ƙara sa shi a mota sai ranar da za a yi masa aiki. A tafiyarmu ta Kano kan katifa muka kwantar da shi a bayan mota, duk ramin da aka shiga sai ya ciji hannun rigarsa don kada in ji kukansa. Tun da muka dawo ƙafarsa ta hagu ta fara mutuwa, yanzu ko na matsa yatsun ba ya ji. Ba za a yi aiki ba sai da hoto, ba za a saki hoto ba sai ya je, shi kuma an hana shi motsi. Ku gaya mini, ranku ya daɗe, ta ina zan bi?

Yayansa, Alhaji Mamman, ya matsa a kira mai ɗori daga garin Babban Mutum ya ja bayan. Likita ya gargaɗe ni cewa ja ɗaya na iya kwantar da shi har abada, shi ya sa nake hanawa. Amma dangi sun fara cewa ni ce na tsare shi a ɗaki ina jiran asibitin da ya manta da shi. Shi kansa Malam ya daina tambayata yadda aka yi idan na dawo, fuskata kawai yake duba ya juya kai bango.

Roƙona kaɗan ne. Ɗayanku ya ɗaga waya ya kira ɗaya, a aika hoton nan kai tsaye daga likita zuwa likita. In sa hannu ne dole, ku karɓi nawa, ko ku turo a karɓi nasa a kan shimfiɗarsa. Sannan ku zauna ku daidaita na'urorinku, don na haɗu da mata irina a tashar mota rungume da faifan da ba su san ko zai buɗe ba.

Na roƙi Alhaji Mamman ya ba ni zuwa ƙarshen wannan wata, ya yarda da ƙyar. In watan ya ƙare hoton bai isa Kano ba, ba ni da sauran abin da zan ce masa.

Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa kada naku ya taɓa kwanciya yana jiran abin da ke hannun wani.

Wassalam.

Rabi, matar Malam Lawal,
Daura.