Tambayoyin Auta

Ashirin ga watan uku

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da jikoki. Yaya gwiwar taki? Kada ki ƙara sa wa ranki batun tahowa. Likitan da ya hana ki doguwar tafiya ya yi daidai.

Kin ce labarin gutsi-gutsi yake zuwar miki, kina son jinsa yadda yake. Ranar Talata, sha ɗaya ga wata, wajen ƙarfe huɗu na yamma, 'yata Auta ta fito daga maɗaba'ar da ke shirya littafinta, ta tsaya a bakin titi tana jiran abin hawa. Birkin wata babbar mota ya tsinke, ta buge ta. An kai ta asibiti da sauran numfashi, ta cika kafin in isa. Shekarunta talatin da biyu. Likitan da ya karɓe ta tsohon ɗalibina ne, ya nuna mini hotunan ƙirjinta, na duba da idona, ba a yi sakaci ba. Allah ya jiƙanta, ya haɗa ta da mahaifiyarta a rahama.

Akwai abin da ba a faɗa miki ba. Ba ni aka fara kira ba. Da aka buɗe wayarta, lambar malamin nata ce a sama, kuma shagonsa ya fi gidana kusa. Ya same ta tana magana. Ni na tarar an rufe mata fuska.

Kin san mutumin, ko da a bakinta. Shi ne mai koyar da salon maganin nan da ake kira homiyofati a saman shagon tela, wanda ta bi shekara tara da suka wuce, bayan ta gama karatun harhaɗa magunguna da sakamakon da ba a samu irinsa ba a ajinsu, bayan na nema mata gurbi a ɗakin bincikenmu. Ta bar wannan ta koma ba mutane fararen ƙwayoyin sukari, tana rubuta wa jarida shafi duk mako kan barci da ci da tafiyar ƙasa da damuwa. Ban hana ta ba, ke shaida ce. Na gaya mata sau ɗaya cewa abin da aka tsarma da ruwa har ya ɓace ba magani ba ne, ta ce ta ji. Daga nan muka yi wa juna kara: ba a kawo zancen aiki kan teburin cin abinci.

Ya riƙa zuwa zaman makoki kullum. Ya zauna a kujerata ta bakin taga, ba da gangan ba, na sani. Matan da ke karanta shafinta suka riƙa shigowa da yankakkun jaridu a jaka, su yi mini gaisuwa a gurguje, sannan su tambaya ina Baba Likita yake. Haka take kiransa, haka su ma. Shi yana kuka a fili, ana miƙa masa hankici, ana ce masa ya yi haƙuri, ya yi rashin 'ya. Ni ina tsaye ina nuna wa baƙi inda za su ajiye mota. Wata ta ce mini, «Malam, kai ma ɗan uwanta ne?»

Jiya mai maɗaba'a ya zo. Littafin ya kammala, saura gabatarwa kan rayuwarta da yadda ta shiga wannan sana'a, kuma har sun roƙi malamin ya rubuta. Na ce masa yarinya tana da uba, uban kuma ya iya rubutu. Ya ba ni zuwa ƙarshen watan gobe.

Ki gaida mutan gidan duka.

Ƙaninki.

Tara ga watan huɗu

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na sami wasiƙarki, na kuma gode da faɗan da ke cikinta. Ina cin abinci. Ina fatan an sauya miki maganin nan da ke tayar miki da ciki. Ki ce su ba ki wanda ake sha bayan an ci.

Kin ce kishi nake yi da tsoho ɗan uwana, kuma bai dace da furfurata ba. Ban musa ba. Na auna abin kamar yadda nake auna komai, na ga sunansa ke nan.

Gabatarwar ta kai shafi uku ta tsaya. Na rubuta yadda ta koyi karatu a kan cinyata da takardun da ke cikin kwalin magani, da yadda take gyara mini lissafi tun tana sakandare, da ranar da ta karɓi shaidar digiri. Daga nan alƙalami ya ƙi. Shekara taran da littafin yake magana a kansu, ban san su ba. Na karanta shafukanta duka a makon nan, karo na farko, kuma dole in faɗi gaskiya: ta iya rubutu, kuma duk inda ciwo ya yi tsanani tana cewa a tafi asibiti. Wannan jimlar tawa ce, ko ba ta faɗa ba. Amma sunansa nake ta cin karo da shi. Baba Likita ya ce, Baba Likita ya koya mini. Na daina ƙirgawa.

Sai dai ina da abu guda wanda ba shi da shi, kuma a kansa zan gina sauran. Shekara uku da suka wuce, watanni kaɗan bayan rasuwar mahaifiyarta, wata Asabar da yamma ta shigo ɗakin karatuna. Ta tuɓe takalmi, ta zauna a kan darduma kusa da ƙafata kamar tana 'yar shekara bakwai, ta shiga yi mini tambayoyi. Ta wane gefe nake kwanciya? Taga a buɗe nake so ko a rufe? Ruwan sanyi ko mai ɗumi? Kewar mamarta da safe ta fi nauyi ko da yamma? Idan aka rarrashe ni, sauƙi nake ji ko haushi? Na ce haushi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, «Na sani, Baba, so nake in ji ka amsa laifinka da bakinka.» Muka kai magariba. Yaya, ban taɓa gaya wa kowa abin da na gaya mata ranar ba, har da ke. Duk shekarun nan ina riƙe da wannan yammacin a matsayin ranar da 'yata ta dawo gida.

Duk da haka ina bukatar sanin shekarar da ta fara duba mutane da kanta, da wasu bayanai irin wannan. Zan je wurinsa ranar Litinin. Minti goma ya isa.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ƙaninki.

Ashirin da biyu ga watan huɗu

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa, ina fatan jiki ya yi sauƙi, kowa kuma yana lafiya. Ki yafe mini jinkirin amsa. Na je tun makon jiya.

Matakalar tana da duhu, ƙarar kekunan tela tana bin mutum har sama. Ɗakin jira benci biyu ne da kanta cike da ƙananan kwalabe masu ruwan ƙasa. Teburinta yana kusurwa, rigar sanyinta tana rataye a bayan kujera, ba wanda ya taɓa. Na tarar yana duba wata mata, kuma labule ne kawai tsakaninmu, don haka ina jin komai. Ya tambaye ta ta wane gefe take kwanciya. Ya tambaye ta taga, a buɗe ko a rufe. Ruwan sanyi ko mai ɗumi. Kafin ya kai ga rarrashi, ni na riga shi a zuciyata. Tambayoyin ne, ɗaya bayan ɗaya, a jerensu.

Da matar ta fita na shiga, na tambaye shi kai tsaye, bai kuma yi kwana-kwana ba. Ya ce a sana'arsu ba a ba da komai sai an yi wa mutum wannan doguwar tambaya, kuma kowane ɗalibi, kafin a yaye shi, sai ya gwada a kan wanda ya fi wuya a danginsa, ya kawo amsoshin a duba. Shi ya zaɓar mata ni. Ta ce masa babanta ba zai yarda ba, farfesa ne, shi yake tambaya. Ya ce mata ta tuɓe takalmi ta zauna a ƙasa. Har darduma, Yaya. Har zaman ƙasan nasa ne.

Ban ɗaga murya ba. Na ce masa ke nan ya san ni ciki da waje. Ya ce a'a. Wai ta dawo ranar Litinin hannu wofi, ya nemi aikin, ta ce wannan ba na makaranta ba ne, sai dai ya ba ta wani. Wai sai da ya jinkirta yaye ta wata biyu, ta je ta yi wa wani maƙwabcinsu.

Na dawo gida na yi barci irin wanda rabona da shi tun ranar Talatar nan. Da na farka sai haushi ya kama ni. Shekara talatin ina koya wa ɗalibai cewa ƙwayar da babu komai a cikinta tana iya sa mutum ya ji sauƙi idan ya yarda da mai ba shi. Ga shi an ba ni na haɗiye. Sannan na tuna: kafin in zauna ya tashi ya buɗe taga. Ruwan da ya kawo mini mai ɗumi ne, irin wanda nake so. Mutumin da ya cika mini falo da kuka bai ce mini in yi haƙuri ba ko sau ɗaya, bai dafa kafaɗata ba. Ko dai ta gaya masa komai, ya yi mini ƙarya don tausayi, ko kuwa gaskiya ya faɗa, ido ne kawai gare shi. Ba ni da hanyar gwadawa. Mai shaidar ɗaya ce, kuma ba ta nan. Idan ƙarya ce, ya san ni. Idan gaskiya ce, shi ya ba ni 'yata a karo na biyu, kuma ban san wanne ya fi mini ciwo ba.

Na rubuta wa mai maɗaba'a cewa gabatarwar za ta zama biyu. Shafukana uku su zo a farko, su tsaya inda sanina ya tsaya. Shekara taran shi zai rubuta, domin shi ya gan su. Asabar ɗin ba za ta shiga littafi ba; ko wa ya aiko ta, ni ta tambaya, ni na amsa.

Abin da ya rage shi ne wannan. Rigar sanyinta tana can a bayan kujera, ban ɗauko ba. Ban gode masa ba da ya riƙe hannunta a asibiti. Kuma ban tambaye shi abin da ta ce a wurin ba. Ya jira in tambaya, na gani a fuskarsa har na kai bakin matakala. Ban iya karɓar wannan ma daga hannunsa ba tukuna.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida maigidan da jikoki.

Ƙaninki,
Baban Auta.