Na ce cinikin na Yaya ne, yanzu yana kaso

Assalamu alaikum jama'ar zauren fatake na Damagaram. Malam, wannan takarda ta zo maka daga Gure ta hannun masu kanwa, ka karanta ta ranar da zaure ya cika, amma ka bar sunana a cikinka. Don Allah ku ba ni shawara, ku da kuka zaga duniya kuka san dokar Nasara, ni dai kaina ya tsaya.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da yayana. Shi mutumin lambu ne, kullum yana cikin kwari da dabinonsa da rijiyarsa, in ka gan shi a kasuwa to igiyar guga ce ta tsinke. Ni ne na kasuwa, ina da 'yar rumfa ta gishiri da allura da sabulu. Bayan kaka wani Balarabe mai kanti ya samu izinin kumandan ya haɗa kokawa ta kwana uku, ya kewaye fili da zana, ya ce ba mai shiga sai da tike. Tiken 'yar jar takarda ce mai hatimin bariki, ya ce hatimin shi ne shaidar an biya harajinta. Mutanen ƙauye kuwa gara su rasa kallo da su je sayen tike a kantinsa da ke jikin bariki, inda gardi, dogarin kumandan, ke tsaye. Sai na hango ciniki. Na sayi tike da dama na tafi da su kasuwar Gidigir, mai kuɗi ya ba ni tamma, wanda ba shi da ita ya ba ni tiyar gero ko cuku, na ɗora 'yar riba. Da rana tsaka na yi, ban ɓoye wa kowa ba, don a ganina abin da aka biya wa haraji sau ɗaya ya fita ke nan.

Rana ta biyu da fara kokawa sai ga magatakardan bariki da tafinta a rumfata, ashe sun ga 'yan ƙauye da tiken da ba a kanti suka saya ba. Magatakarda ya tambaye ni cinikin na wane ne. To kun san yadda aka tashe mu, ƙane ba ya cewa nawa muddin babba na da rai, ko akuyar da na saya da gumina aka tambaye ni, ta Yaya ce zan ce. Bakina ya riga hankalina, na ce na Yaya ne. Ya tambayi sunansa na faɗa, ya rubuta.

Daga nan magana ta rabu biyu. Magatakarda ya ce hatimin na cinikin Balarabe ne shi kaɗai, wanda ya sake sayarwa ya buɗe sabon ciniki, sai da fatanti, wato takardar izinin kasuwa, kuma akwai haraji a kan duk abin da ya karɓa. Tafinta ya ja ni gefe ya ce shi a saninsa a kan ribar da na ɗora kawai ya kamata a karɓa, amma ba zai faɗa a gaban kumandan ba, yana da iyali. Balarabe ya ce shi ya sayar ya biya, ba ruwansa. Geron da cukun kuma mutanen bariki ne suka yi musu kuɗi yadda suka ga dama, aka haɗa da tara, abin ya fi ƙarfin rumfata da ni kaina.

Aka aika gardi ya zo da Yaya daga lambu, laka ko bushewa ba ta yi ba a ƙafarsa, bai ma san me ake kira tike ba. Kumandan ya sa aka tambaye shi ko cinikin nasa ne. Yaya ya dube ni sau ɗaya, ya ce, “I, nawa ne.” Ina tsaye a wurin, na bar shi ya ɗauka. Aka ce kaso, wato kurkuku, har sai an biya, da rana kuma ya ɗauki dutse a aikin hanya. Mutum ne da ya haura hamsin, kuma yana da tari tun bara.

Yau kwana goma sha tara. Abin da ke ba ni tsoro shi ne ba na jin komai. Ina cin tuwo, ina barci, da safe in tafi in ja masa ruwa a lambu in dawo in buɗe rumfa. Matarsa tana gaishe ni yadda ta saba, ta ajiye mini ƙwarya ta wuce, ko zagi ba ta yi mini ba, da ta yi wataƙila da na farka. Na gwada yin kuka a kwari inda ba kowa, bai zo ba.

Na kai wa Yaya fura na ce zan je in faɗi gaskiya. Ya ce in na buɗe baki bai yafe mini ba duniya da lahira, shi ne babba, shi ke ɗauka. Na ce to a sayar da dabinon gado a biya, ya ce sai dai bayan ransa, hannun mahaifinmu ne ya dasa su. Tafinta ma ya gargaɗe ni, ya ce in na tona za a iya riƙe mu duka biyu, ni don ciniki shi don ya yi wa kumandan ƙarya, gida ya zauna ba namiji. Amma jiya na gan shi a hanya da kwando a ka, tsakanin rijiya da gindin aduwa sau uku ya sauke. Gardin ma ya daina yi masa tsawa, tsayawa kawai yake ya jira shi.

Jama'a, wanda ya taɓa sake sayar da abu mai hatimi ya gaya mini, maganar tafinta ce doka ko ta magatakarda, kuma wace ƙofa talaka ke bi a rage masa? In je in ce nawa ne, ko in sayar da dabinon ba da saninsa ba ya fito ya tsine mini? Ban taɓa ƙetare maganarsa ba tun ina yaro. In na bi ta wannan karon, kuna ganin zan same shi da rai?