Yarinyar da Na Goge daga Jerin Inshora

Daga: Perpetua Nyaguthii Muriithi,
Akawun Sashen Ma'aikata,
Gonar Furanni ta Mutarakwa, Naivasha.

Zuwa ga: Uwargida Dorcas Anyango Oduol,
Shugabar Sashen Sauraron Ƙorafe-ƙorafe,
Kamfanin Inshorar Lafiya na Tulizo, Nairobi.

3 ga Yuni, 2024

Game da: Cire Esther Wangechi Wambugu, 'yar shekara tara, daga inshorar iyalin ma'aikacinmu Gachanja Wambugu, da ƙin mayar da ita

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da wannan ƙorafi a madadin ma'aikacinmu da aka ambata a sama, mai feshin magani a rumfunan fure, wanda ya shekara goma sha ɗaya a gonar nan. Tun farko zan faɗa, don kada a ɓata lokaci ana neman mai laifi: ni na yi kuskuren. Amma kamfaninku ma yana da nasa kason, kuma yarinyar ba ta da ko ɗaya.

1. Ranar 9 ga Janairu, 2024, na aiko muku da sabon jerin ma'aikata da iyalansu, kamar yadda ake yi duk shekara. Lokacin yankan fure ne na ranar masoya, mun ɗauki 'yan ƙwadago fiye da ɗari uku, takardu sun yi mini katutu. A ƙarƙashin sunan Gachanja na ga Esther Wangechi Wambugu, haihuwar 2014, a layi na uku, na sake ganin Esther Wangechi Wambugu, haihuwar 2014, a layi na huɗu. Fom ɗinmu shekara kawai yake nema, ba ya neman wata ko rana. Na ɗauka maimaici ne, na goge na ƙasa. Ban kira shi ba, alhali rumfar da yake aiki ana hango ta daga tagar ofishina.

2. Yara biyu ne, ranki ya daɗe. A wurinmu Kikuyu 'yar fari sunan mahaifiyar uba take ci, sau da yawa har da sunan baftisma. Gachanja ya sa wa tasa sunan tsohuwarsu a watan Maris, ƙanensa Ndirangu ya sa wa tasa a watan Satumba. Ndirangu da matarsa sun rasu a haɗarin mota a 2019, Gachanja ya ɗauko marainiyar, kotu ta ba shi takardar riƙo, ya sa ta a inshora tun wancan lokacin. Ita na goge. Da baƙuwa ce ni da na sami abin fakewa. Ni kaina Nyaguthii ce, mu huɗu ne masu sunan a zuriyar kakata, idan aka ƙwala kira ranar Kirsimeti dukanmu muke waiwayowa. Wannan abin kunya har ina!

3. Kamfaninku ya karɓi jerin ya cire ta, bai aika wa Gachanja ko saƙon waya ba, duk da cewa sashe na takwas na yarjejeniyarmu ya ce a sanar da mai inshora cikin kwana goma sha huɗu idan an cire wani nasa. Da an yi haka, da tun Janairu an gyara. Kuɗin da gonar ke biya na iyali ne a dunƙule, ba a rage ko shili ɗaya ba.

4. Ranar 22 ga Afrilu yarinyar ta faɗi a filin makaranta. A asibiti aka gano zuciyarta ta taɓu, sai an yi aiki. A nan ne aka sa katinta a na'ura ya ƙi. Washegari Gachanja ya zo ofishina da kayan feshinsa a jiki, ya cire hula, ya fara da ba ni haƙuri wai ya katse mini aiki. Na buɗe jerin a gabansa, na gane abin da na yi. Bai ɗaga murya ba. Tambayata kawai ya yi ko akwai fom ɗin da shi ya manta bai cika ba.

5. Akwai abin da ya wajaba in bayyana, ko da zai ƙara mini laifi. A ranar, don ruɗewa da son rufa wa kaina asiri, na ba shi shawara ya kai ta da katin 'yar uwarta, tunda suna ɗaya ne, shekara ɗaya. Ya dube ni ya ce: "Madam, yarinyar nan ta rasa uba, ta rasa uwa. Ba zan kwantar da ita a asibiti a matsayin wata ba." Na rubuta wannan ne don ki san irin mutumin da ake wahalarwa, ki kuma san wadda ta yi tunanin maguɗi ni ce.

6. Na rubuto muku ranar 24 ga Afrilu, da 6 ga Mayu, da 20 ga Mayu, tare da takardun haihuwa biyu, da takardar riƙo, da tsohon jerin 2023 mai ɗauke da sunayen duka biyun. Na je reshenku na Nakuru sau biyu, aka ce mai sa hannu yana taro. Sai ranar 27 ga Mayu amsa ta zo, layi biyar: za a karɓe ta a matsayin sabuwar shiga, kuma sabon shiga sai ya jira wata goma sha biyu kafin a biya masa ciwon da ya shigo da shi. Haba, ranki ya daɗe. Yarinyar da ta shekara huɗu a littafinku ita ce sabuwa? Ciwon ma ai da tana cikin inshorarku zai same ta, ni ce dai na fitar da ita ba da saninta ba.

7. Likitan zuciya ya sa ranar aiki 18 ga Yuni. Asibiti na buƙatar takardar lamuni daga gare ku kafin ƙarshen ranar 11 ga Yuni, in ba haka ba a ba wani yaro gurbin. Likitan ya rubuta cewa ba za ta iya jiran shekara ba, kwafin yana haɗe. Yanzu ko tsakar gidansu ba ta ƙetarewa sai ta tsaya ta huta. Abokan aikin Gachanja sun yi karo-karo, an sayar da saniyar gidan, duk bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin aikin ba.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi:

(a) A mayar da Esther Wangechi Wambugu, haihuwar Satumba 2014, cikin inshora tun daga 9 ga Janairu, ba a matsayin sabuwa ba.

(b) A aika wa asibiti takardar lamuni kafin 11 ga Yuni.

(c) Duk tara ko hukuncin da ya biyo baya a ɗora shi a kaina. Manajanmu ya gargaɗe ni cewa amsa laifi a rubuce zai iya raba ni da aikina, na ce masa na ji.

Jiya Lahadi bayan an tashi daga coci Gachanja ya kawo ta wurina, tana tafe a hankali tana riƙe da hannunsa. Ya gaya mata ni ce antin da ke ta fafutukar takardunta. Bai gaya mata sauran ba. Ta miƙo mini hannu biyu ta yi godiya, ta ce in ta warke za ta zo ta ga ofishina. Na amsa mata da to kawai, ranki ya daɗe. Saura kwana takwas.

Ina jiran amsarki cikin ƙasƙantar da kai da matuƙar girmamawa.

Taki mai biyayya,

Perpetua Nyaguthii Muriithi
Akawun Sashen Ma'aikata