Katin da Baban Haifa Yake Jira

Bagdadiyya, Jidda.

Zuwa ga Yayata Nana Aisha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, ke da maigidan da yara. Na ji daɗi da kika ce ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa, Allah Ya ƙara afuwa. Mu ma lafiya lau. Haifa ta shiga aji uku, Larabcinta ya fara fin Hausarta. Aikin asibiti kuma sai godiya.

Yaya, na zaɓi rubutu ne don in na kira waya kuka zai hana ni magana. Kusan wata biyu ke nan ba ni da natsuwa saboda Baban Haifa. Wani abokin aikinsa a kamfanin gyaran na'urorin sanyi, Abdulmohsen, ya nuna masa wasan karta a waya mai suna foka. Ba da kuɗi suke yi ba, maki ne kawai, shi ya sa na kawar da kai. Ashe abin ya shige shi. Ranar nan ina neman katin rigakafin Haifa a durowarsa sai na ga takardar ajiye aiki, ya rubuta, saura sa hannu. Da na tambaye shi ya ce ba zai sabunta kwantiragi ba, zai tafi wata ƙasa inda ake gasar wasan da kuɗi na gaske. Kin san iƙamar Haifa, wato takardar izinin zamanta a nan, a ƙarƙashin tasa take. Na ce masa caca ce, ya ce lissafi ne. Na kawo masa aya, amma na ga maganar ba ta shiga ba.

Da na rasa dabara sai na ce ya koya mini. Ya yi murna kamar an ba shi kujerar Hajji. Ya ce kowa kati biyu yake riƙewa, a buɗe biyar a tsakiya a hankali, kuma irin wanda yake bugawa yana da iyaka, ba a zuba abin da ya wuce ƙa'ida a kowane zagaye. Gwaninta duka, in ji shi, tana wajen hannun da bai cika ba. Misali kana da huɗu masu zanen zuciya, kana jiran na biyar, kati ɗaya ya rage a buɗe. Tara ne za su fisshe ka cikin arba'in da shida, wato kusan sau ɗaya cikin biyar. To in abin da aka tara a tsakiya ya ninka abin da za ka zuba fiye da sau huɗu, sai ka bi. In bai kai ba, ka ajiye katinka ko da ranka yana so. Akwai kuma jeri mai giɓi a tsakiya, wanda kati huɗu kacal ke cikewa; wannan ya ce sai tulin ya ninka sau goma sha ɗaya. Yana bayani idonsa na ƙyalli. Rabon da in gan shi haka tun muna Zariya.

Sati uku ina koyo. Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, na aika Haifa gidan maƙwabciyarmu Nuf, na ɗauko kartar da na sayo don koyo, na juye ƙwallayen dabino a kan darduma, na raba mana ɗari-ɗari, na ce ya nuna mini lissafin a aikace. Ni dai dokarsa na bi sak, in hannuna bai cika ba kuma tulin ƙarami ne sai in ajiye. Shi kuwa, Yaya, ko sau ɗaya bai iya ajiyewa ba. Sai ya ciji leɓe ya zuba, ya ce jikinsa na ba shi katin na tafe. Duk zagayen da ya ƙare nakan ce ya nuna mini abin da ya riƙe. Kafin a kira magariba ƙwallayensa sun dawo gabana.

Ya ce sa'a ce, zama ɗaya ba ya nuna gwani. Na ce gaskiyarsa, ni ma ban ce na fi shi ba. Amma na tuna masa sau bakwai ya bi giɓi alhali tulin bai ninka ko sau biyar ba, kuma shi ya koya mini cewa wannan kuskure ne. Na ce in a kan ƙwallon dabino, a ɗakinsa, gaban matarsa, bai iya haƙura ba, yaya za ta kaya ran da makomar 'yarsa ce a tsakiya? Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ya tashi ya yi alwala ya fita masallaci. Kwana biyu ba ya haɗa ido da ni. Ranar Litinin ya dawo ya ce halas, magana ta ƙare, ya sa hannu a kwantiragin shekara biyu, ya yaga waccan takarda a gabana.

Ya kamata in huta ko? To ban huta ba. Wasan yana nan a wayarsa. Abin da ya fi damuna kuma, wanda ban faɗa wa kowa ba sai ke, na ji daɗin cin nan da na yi masa, daɗi ba kaɗan ba. Jiya ina jera magunguna na tsinci kaina ina ƙirga tara cikin arba'in da shida. Da safen nan na zuba kartar a shara, na daɗe tsaye a kan kwandon kafin na iya rufe shi.

Don Allah ki sa Yaya Muhammad ya kira shi kamar gaisuwa kawai, yana jin nauyinsa. Kada Inna ta ji. In za ki yi mana addu'a kuma, ki ambaci sunana tare da nasa.

Ki gaida Inna, da Yaya Muhammad, da Gwaggo Mastura, da yaranki duka. Haifa na gaishe ku da Hausarta mai gardama.

Taki ƙanwa,
Talatu.