Yadda Baba Ya Gaje Jaket ɗin Bello

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gaisuwa. Ya aiki, ya Fatakwal, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Bukkuyum lafiya lau, sai sanyi.

Ƙanenka Bello ya sayo baƙar jaket ta fata a gwanjo, irin ta jarumin fim ɗin Indiya da yake so. Wai don iskar safe in ya fita kabu-kabu, amma mun san gayu ne. Wallahi ta yi masa kyau! Sai Inna ta ce ba mai salla da ita sai an tabbatar ba fatar alade ba ce.

Aka kai wa Baba, wanda ya bar dukanci tun da idonsa ya raunana. Ya shafa ta, ya sunsuna, ya bi ɗinkin da yatsa, ya ce, "Wagga fatar tunkiya ta, wanda ya jeme ta ya san aikinai." Rabon da in ga fara'arsa haka har na manta.

Yau kwana tara da ita Baba yake zuwa masallaci da asuba. Bello ya koma tsohuwar suwaitarsa.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa. Don Allah ka aiko wa Bello wata, don waccan kam ta tafi.

Ƙanwarka,
Hadiza